Aikin Fursunoni da Muhawarar Ƙera Jiragen Sama a Ƙetare

Aikin fursunoni shi ne aikin da ake sa wanda ke tsare a gidan yari ya yi, ko don hidimar gidan yarin kansa, ko don gwamnati, ko don wani kamfani mai zaman kansa. Batun ya shiga muhawarar ƙera jiragen sama tun shekarun 1990, sa'ad da manyan kamfanoni, musamman Boeing na Amurka, suka riƙa bai wa masana'antun ƙetare kwangilar ƙera sassan jirgi. Masu adawa da hakan sukan kafa hujja da yadda ƙasar Sin ke gallaza wa fursunoninta. Masu kare shi su ce a fara leƙa gidajen yarin Amurka tukuna. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, shi ya sa muhawarar ba ta cika kaiwa ko'ina ba sai an koma ga ma'aunin da doka ta gindaya.

Asalin taƙaddamar

Hulɗar Boeing da Sin ta faro ne a 1972, bayan ziyarar da Shugaban Amurka Richard Nixon ya kai ƙasar, lokacin da Sin ta yi odar jiragen 707 guda 10. Sannu a hankali ciniki ya zo da sharaɗi: mai son sayar da jirgi ya kawo wani ɓangare na aikin ƙera shi. Ta haka masana'antar Xi'an ta samu kwangilar tsayayyar jelar jirgin 737, ta Chengdu kuma ta samu sitiyarin jelar 787. Airbus, kamfanin ƙera jirage na Turai, ya buɗe wurin harhaɗa jirgin A320 a Tianjin a 2008, Boeing ya buɗe na ƙarasa 737 a Zhoushan a 2018.

Ma'aikatan Boeing ba su ji daɗin wannan ba. A 1995 ƙungiyar makanikan kamfanin ta yi yajin aiki na kwana 69, kuma fitar da aiki waje na cikin manyan ƙorafe-ƙorafenta. Jirgin 787 ya ƙara rura wutar: Mitsubishi ke ƙera fukafukansa a Japan, wasu sassan gangar jikinsa daga Italiya suke zuwa, kuma sai a Satumban 2011 aka miƙa na farko, bayan jinkirin sama da shekara uku. Japan da Italiya ba su jawo maganar fursuna ba. Sin ce ta jawo ta.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a 1930, ta haramta aikin tilas, amma ta keɓe aikin wanda kotu ta yanke wa hukunci bisa sharaɗi biyu: ya kasance ƙarƙashin kulawar hukuma, kuma kada a ba da hayar fursunan ga wani mutum ko kamfani. Yarjejeniya ta 105, ta 1957, ta hana amfani da aikin tilas don hukunta ra'ayin siyasa ko yajin aiki. Amurka ta amince da ta 105 a 1991, ba ta amince da ta 29 ba. Sin ta amince da duka biyun a 2022.

A fannin ciniki, sashe na 307 na dokar kwastam ta Amurka ta 1930 ya hana shigo da kayan da fursunoni suka yi a ƙetare, yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta 1947 ma ta ba kowace ƙasa damar yin hakan. Sai dai dokar ba ta hana Amurka fitar da kayan da nata fursunonin suka yi ba, kuma nan ne masu suka kan kawo karin maganar nan: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ƙa'idojin Nelson Mandela, guda 122, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 2015, su ne ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen kwatanta ƙasashe. Sun ce aikin gidan yari kada ya zama na azabtarwa, a biya fursuna lada na adalci, a ba shi kariyar lafiya irin ta kowane ma'aikaci, kuma kada a kulle shi shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Ba doka ba ce mai tilastawa.

Sin

Tsarin da ake kira laogai, wato gyaran hali ta hanyar aiki, ya kafu ne bayan 1949, kuma gidajen yarinsa da yawa suna da suna na biyu irin na masana'anta ko gona. Harry Wu, wanda ya shafe shekara 19 a cikinsu, ya koma Sin a 1991 ya ɗauki hotunan wuraren a asirce. Shekara guda bayan haka Amurka da Sin suka sa hannu kan takardar fahimtar juna da ta ba jami'an Amurka damar ziyartar wuraren da ake zargin fursunoni na yin kayan da ake kai wa Amurka, aka ƙarfafa ta a 1994. A aikace, buƙatun ziyara sun sha daɗewa ba a amsa ba. Sin ta cire sunan laogai daga dokarta a 1994, ta kuma soke laojiao a 2013, tsarin da 'yan sanda ke tsare mutum har shekara huɗu ba tare da shari'a ba. Zargi bai tsaya ba. A Disambar 2019 wata yarinya a Landan ta buɗe katin Kirsimeti da aka saya a kantin Tesco, ta tarar da saƙon neman taimako da ke cewa ya fito ne daga fursunonin ƙasashen waje a gidan yarin Qingpu na Shanghai. Gwamnatin Sin ta musanta.

Amurka

Gyara na 13 ga kundin tsarin mulkin Amurka, na 1865, ya soke bauta da aikin tilas, in ban da a matsayin hukuncin laifi. Wannan togaciya na nan har yau, ko da yake jihohi kamar Colorado a 2018, da Alabama, Oregon, Tennessee da Vermont a 2022, sun cire makamanciyarta daga nasu kundin. A Texas da Georgia yawancin aikin gidan yari ba a biyan ko sisi. Kamfanin gwamnatin tarayya na UNICOR, wanda aka kafa a 1934, ya daɗe yana biyan tsakanin santi 23 da dala 1.15 a awa, kuma cikin kayan da fursunoninsa suka harhaɗa har da wayoyin lantarki na jiragen yaƙi da makamai masu linzami.

Misalin da ya fi kusa da jirgin fasinja ya faru ne a ƙofar gidan Boeing. A shekarun 1990 wani ƙaramin kamfani mai suna MicroJet ya kafa injinansa a cikin gidan yarin Monroe da ke jihar Washington. Injinan suna yanka ƙarfe da wani siririn ruwa mai tsananin ƙarfi, fursunoni ne ke sarrafa su, kuma Boeing na cikin masu karɓar kayan. Kamfanin ba ya biyan hayar wurin. Fursunonin suna samun lada ƙasa ƙwarai da na makaniken ƙungiya, kuma dokar tarayya ta 1979 ta yarda a cire har kashi 80 cikin 100 na irin wannan lada don haraji, kuɗin ci da kwana, diyyar waɗanda aka zalunta da kula da iyali. Masu irin wannan sana'a a waje suka kai ƙara, suna cewa ba za su iya gogayya da wanda gwamnati ta ba rumfa kyauta ba. A 2004 kotun ƙolin jihar ta ce tsarin ya saɓa wa kundin jihar. A 2007 masu zaɓe suka gyara kundin don a dawo da shi. Abin lura a nan: an san sunan kamfanin, an je kotu, an yi hukunci, jama'a sun kaɗa ƙuri'a. Wannan ne babban bambancin Amurka da Sin, fiye da yawan ladan da ake biya.

Ta fuskar yawa kuwa, Amurka na tsare da sama da mutum 500 cikin kowane 100,000, Norway ba ta kai 100 ba. A gidan yarin Halden na Norway, wanda aka buɗe a 2010, gandirobobi ba sa ɗaukar bindiga, suna cin abinci tare da fursunoni. Turai ma ba ta fita tsaf ba: a Yunin 2023 kotun tsarin mulkin Jamus ta ce ladan fursunoni a jihohin Bavariya da North Rhine-Westphalia, wanda bai kai Yuro 3 a awa ba, ya saɓa wa kundin ƙasar.

Tarihin da ya gabata

Inda fursunoni suka ƙera jirage da yawa a zahiri shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Jamus ta 'yan Nazi, kamfanin ƙera jirage na Heinkel ya yi amfani da dubban fursunonin sansanin Sachsenhausen a masana'antarsa ta Oranienburg, Messerschmitt kuma ya sa na Flossenbürg da Gusen aiki, har a ramukan ƙarƙashin ƙasa inda ake haɗa jirgin Me 262. Mutane da yawa sun mutu a wurin. A Tarayyar Sobiyet an kama injiniya Andrei Tupolev a 1937, kuma a ofishin zane na kurkuku, tare da wasu injiniyoyin da ke tsare, ya zana jirgin yaƙin Tu-2.

Gano tushen kaya

Kowane muhimmin sashe na jirgin fasinja yana tafe da takardun da ke nuna inda aka ƙera shi da wanda ya duba shi, domin hukumomin sufurin sama ba sa yarda da kayan da ba a san asalinsu ba. Amma waɗannan takardu ingancin ƙarfe suke tabbatarwa, ba sa faɗin ko wanda ya narka shi yana da 'yancin ajiye aiki. Don haka hankali ya karkata zuwa can ƙasan jerin 'yan kwangila, wurin haƙar ma'adinai da narka su. Dokar Amurka kan aikin tilas na 'yan ƙabilar Uyghur, wadda ta fara aiki a Yunin 2022, tana ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da yankin Xinjiang na Sin, inda 'yan ƙabilar suke, a matsayin na aikin tilas har sai mai shigo da su ya kawo hujjar akasin haka. A 2024 aka sanya alminiyam, ƙarfen da ake yin gangar jikin yawancin jirage da shi, cikin kayan da jami'an kwastam za su fi sa wa ido.