Gandun Kajin Daji na Attwater

Gandun Attwater keɓaɓɓen fili ne na gwamnatin tarayyar Amurka a gundumar Colorado ta jihar Texas, kusa da garin Eagle Lake, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Houston. An kafa shi a 1972, faɗinsa ya haura eka 10,000, kuma hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ce ke riƙe da shi. Ba a bakin ruwa yake ba. Saura ne daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ciyawa da ta bi gaɓar Tekun Meziko daga Texas har Louisiana, wadda noman shinkafa, kiwo da gine-gine suka cinye, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Saboda tsuntsuwa ɗaya aka keɓe shi, wato kazar dajin Attwater, mai sunan masanin halittu Henry Attwater. Ba ta kai zabuwa girma ba, jikinta ratsi-ratsi ne na ƙasa-ƙasa da fari. Wajen 1900 an ƙiyasta yawanta ya kai miliyan ɗaya. A 1967 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma bayan ambaliyar guguwar Harvey a 2017 ƙalilan ne suka saura a daji. Ga kuma jajayen tururuwa masu cizo da suka shigo daga Kudancin Amurka, suna cinye ƙwarin da 'yan tsaki ke rayuwa a kansu. Shi ya sa ake ƙyanƙyashe ƙwai a gidan zu na Houston da cibiyar kula da namun daji ta Fossil Rim, a kawo 'ya'yan a saki a gandun.

Abin da ke jawo baƙi shi ne rawar zakaru, daga Fabrairu zuwa Mayu. Da sanyin safiya sukan taru a fili mai gajeriyar ciyawa. Kowane ya sunkuyar da kai, ya miƙe gashin wuyansa tsaye, ya hura jakunkunan iska biyu masu ruwan lemo a gefen wuya, yana buga ƙafa da sauri yana fitar da wani gurnani mai zurfi da ake ji daga nesa. Matan na gefe suna zaɓe. A cikin wannan lokaci ake bikin shekara-shekara, ma'aikata su kai masu kallo inda za su hango rawar.

Shiga kyauta ne, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Akwai hanyar zagaye ta mota da 'yan hanyoyin ƙafa, amma galibin filin a rufe yake don kada a tayar da kajin daga sheƙa. Wanda ya zo da kansa ba lallai ya ga ko ɗaya ba. Shaho, barewa da kada sun fi saurin bayyana. Na'urar hangen nesa, ruwan sha da maganin sauro na da amfani, domin inuwa ba ta da yawa.

Baƙo na iya tarar da shanu na kiwo ko fili baƙi ƙirin da toka. Da gangan ne: ma'aikata ke cinna wuta kashi-kashi, su kuma sako shanu, domin in an bar filin haka, bishiyoyi da ƙaya za su mamaye ciyawar.