Baibul, Linjila, Littafi Mai Tsarki: wai duk abu guda ne?

Shekaranjiya da marece muna zaune a fada nan Tawa ana dafa shayi, wani abokina musulmi da muka tashi tare tun muna lakkwal ya hangi littafin da ke cikin jakata ya ce "wannan ita ce Linjilar taku?" Na ce masa e kuma a'a. Ya ce to in fito masa a mutum. Amsar da na ba shi ce nake son in rubuto nan, don ko cikinmu masu zuwa majami'a akwai da yawa da ke cakuɗa kalmomin ga.

Baibul dai kalmar aro ce, tushenta Girkanci, biblia, ma'anarta littattafai, jam'i ke nan ba tilo ba. Kuma gaskiya ce, don abin da kake gani cikin bango guda tarin littattafai ne da mutane daban daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, akwai tarihi akwai waƙoƙi akwai karin magana akwai wasiƙu. Wajen Furotesta 66 ne, 39 Tsohon Alkawari, 27 Sabon Alkawari, na Katolika kuma 73. Da Hausa sunansa Littafi Mai Tsarki, shi ne rubuce a bayan bangon.

Linjila kuwa yanki ce kawai daga ciki. Hausa ta aro ta daga Larabci, Injil, shi ma Larabcin daga Girkanci ya samo, ma'anarta albishir, shi ya sa za ka ji ana cewa Bishara. Guda huɗu ne, Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, su ne ke ba da labarin Yesu Almasihu, haihuwarsa, koyarwarsa, mutuwarsa da tashinsa bisa ga imaninmu. Attaura ita ce littattafai biyar na farko da ake dangantawa da Musa, Zabura kuma waƙoƙi 150. Ke nan wanda ya kira dukan littafin Linjila kamar ya kira kasuwar Tawa rumfar 'yan albasa ne, rumfar na cikin kasuwar amma ba ita kaɗai ba ce.

Abokin nawa ya ƙara tambaya, da wane harshe aka rubuta shi, Faransanci ko Ingilishi? Ko ɗaya. Tsohon Alkawari da Ibrananci ne, ɗan kaɗan da Aramiyanci, Sabon Alkawari da Girkanci. Duk abin da ke hannunmu fassara ce, har na Faransancin nan, fassarar Louis Segond ta 1910, da 'yan boko ke riƙewa ran Lahadi. Hatta lambobin sura da aya daga baya aka sa su don sauƙin nema, surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari a 1551.

To nan ne maganar ta fi taɓa ni. Duniya na da harsuna sama da 7000, amma waɗanda ke da cikakken Baibul ba su kai 1000 ba, wasu Sabon Alkawari kawai gare su, wasu ɗan yanki, wasu ko aya guda babu. Mu Hausawa mun samu namu cikakke tun 1932, likita Walter Miller da ya zauna Zariya na cikin waɗanda suka yi aikin, aka kuma sake sabuwar fassara wajen 1980. Zabarmawa sai 1990 nasu ya kammala. In ka duba haka sai ka ce ai mu mun gama, ba mu da matsala.

Amma a ce littafi na nan da harshenka daban, ya shiga kunnenka daban. Nan Nijar manya da yawa ba su iya karatun boko ba, musamman mata na ƙauye. Wanda ma ya yi lakkwal da Faransanci ya koya, ka miƙa masa Baibul na Hausa ya tashi gaban jama'a sai ka ji yana tuntuɓe, ya ga "ce" ya karanta "se", ya ga ƙ da ɗ ya tsaya yana kallo, ba don ba ya jin Hausa ba, ba a taɓa koya masa rubutunta ba ne. Ga kuma Hausar cikin littafin ta Najeriya ce, tsoho ɗan Adar sai ya ji wata kalma ya juyo ya tambayi na kusa da shi. Sannan littafin kansa ba ko'ina ake samunsa ba, sau da yawa sai an yi sautu Yamai ko Maraɗi ko wajen Galmi inda asibitin mishan yake tun 1950, shi ya sa gida guda kan raba guda ɗaya har bangon ya ɓalle a ɗinke shi da zare.

A ganina salula ta yi mana abin da injin buga littafi bai yi ba. Matasa na sauke YouVersion, manhajar Baibul ta cikin waya, su karanta kyauta, su sa Hausa da Faransanci gefe da gefe, amma wannan ma sai mai babbar waya da kuɗin intanet. Abin da ya fi kai wa mutanenmu shi ne na saurare, wanda ake turawa cikin katin memwar ko a WhatsApp.

Innata ba ta taɓa shiga aji ba, shekara da shekaru abin da pasto ya karanta ran Lahadi shi ne rabonta na mako. Bara na sa mata na saurare cikin 'yar ƙaramar wayarta, yanzu tana tsintar shinkafa wayar na kan tabarma tana magana, har ta hardace Zabura 23 tana rigan mai karatun faɗi. In caji ya ƙare kuma an ɗauke wuta sai ta aiki jikarta shagon mai sola, ta ce "maza ki kai a sa mata wuta, ban ƙare jin Luka ba."