Jona allo da maus a laftof mai Linux ba sai an yi ristat ba

Wai me ya sa da can sai an kashe an kunna kafin allo na biyu ya kawo?

Saboda a lokacin X, manhajar da ke zana komai a allon Linux, fayil ɗaya yake karantawa idan ya tashi, wato /etc/X11/xorg.conf, duk abin da ba a rubuta a ciki ba bai san da zamansa ba, ko sau goma ka jona majigi ko gezau. A 2007 ne RandR 1.2, ɓangaren X mai kula da saitin allo, ya ba da damar ƙara allo ana cikin aiki, sigar X ta 1.4 kuma ta fara karɓar maus da kibod ana cikin aiki ta hanyar HAL, manhajar da ke gano na'urorin da aka jona, a 2010 sigar 1.8 ta koma kan udev, shi ne har yau yake sanar da sistem an jona wani abu.

To ni tawa har yanzu ba ta gani fa?

Duba ko akwai tsohon xorg.conf da ka kwafo a intanet, wallahi yawanci shi ne ke hana ruwa gudu, balle in akwai layin AutoAddDevices "false" a ciki, wannan kam cewa X ka yi kar ya kula duk maus ko kibod da aka jona daga baya. Canza wa fayil ɗin suna, ka fita ka sake shiga sau ɗaya. In akwai saitin da kake so dole, kamar taɓa tacfad ya zama dannawa, sa shi a ƙaramin fayil cikin /etc/X11/xorg.conf.d/ ƙarƙashin sashen da ake kira InputClass, shi kan kowace na'ura irin wannan yake hawa duk sanda aka jona ta.

Na jona HDMI, allon baƙi ƙirin.

Buɗe tamina ka buga xrandr, za ka ga sunaye, eDP-1 allon laftof ne, tsofaffi LVDS-1 suke nunawa. Sai ka buga:

xrandr --output HDMI-1 --auto --right-of eDP-1

In majigi ne kana son su nuna abu ɗaya, sa --same-as a madadin --right-of. Kafin ka zare wayar HDMI kuma ka buga xrandr --output HDMI-1 --off, in ba haka ba wasu windo za su maƙale a allon da babu shi kai ta nema. Wanda ya gaji da buge-buge ya sa manhajar autorandr, tana tuna saitin kowane allo.

Majigin ajinmu kullum 1024x768 yake ba ni.

Zargi wayar VGA ko adafta tukuna. Ta cikinta allo ke turo EDID, bayanin girman da yake iya ɗauka, in bai iso ba sai a ba ka ƙarami.

Na buga xrandr ba abin da ya canza.

Ƙila Wayland kake kai, sabon tsarin da ke maye gurbin X; Linux ɗin Fedora tun 2016 shi take ba mutane, Ubuntu 22.04 ma haka. A can xrandr nunawa kawai yake, shiga saitin allo, ko in desktof ɗinka GNOME ne ka danna maɓallin Windows da P.