Farar lemar kwaɗi ta cikin ciyawa: gargaɗi ga iyaye da masu garka a Yamai

Daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, musamman a cikin marka ta watan Agusta, naman kaza iri-iri kan ɓullo dare ɗaya a filayen Yamai: a garake na bakin kogin Isa, a makiyaya ta bayan gari inda shanu ke zubar da kashi, a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro da suka kewaye birnin, da kuma ciyawar ado da ake shayarwa a gidaje da ma'aikatu. A cikinsu akwai wata babbar lemar kwaɗi fara tas, mai kyan gani, wadda masana ke kira Chlorophyllum molybdites. An fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1818 daga ƙasar Guyana ta Kudancin Amurka, kuma tana fitowa a ƙasashe masu zafi da yawa, har da na Afirka. A Amurka, inda ake tara rahotannin masu cin guba, ita ce kan gaba wajen kwantar da masu tsintar naman kaza, saboda ba a dokar daji take ɓuya ba, a ƙofar gida take tsirowa.

Lemarta tana farawa a dunƙule, sannan ta buɗe ta baje, faɗinta ya kai santimita 10 zuwa 30, fara ce da ɗigo-ɗigon ɓawo ruwan ƙasa waɗanda suka fi yawa a tsakiya. A jikin kararta akwai zobe mai kauri, gindin kuma ya ɗan kumbura ya tsaya a cikin ƙasar sama. Idan aka kifa lemar za a ga siraran shafuka a jere kamar na littafi, kuma a nan ne babbar alamarta take, domin shafukan farare ne tun tana ƙarama, amma idan ta girma sai su rine su koma kore mai duhu-duhu, saboda ƙurar irinta kore ce. Wanda yake son ya tabbatar zai iya yanke lemar, ya kifa ta a kan farar takarda, ya rufe da kwano ya bar ta ta kwana. Da safe zai tarar da zanen ƙura kore a kan takardar. Sai dai wannan gwaji yana iya tabbatar da cewa abu mai guba ne, ba ya iya wanke shi. Ƙaramar da ba ta nuna ba shafukanta farare ne, ƙura ma ba lalle ta zubar ba, kuma ita ce ta fi jan ido, ita ce ta fi kama da wadda ake sayarwa a manyan kantuna.

Akwai naman kaza na daji da ake ci, kuma ba daidai ba ne ma'aikacin lafiya ya musanta haka. A kudu maso yammacin Nijar, inda ruwa ya fi sauka, mutane sun daɗe suna cin wanda ke fitowa a kan suri ko kusa da shi, wanda gara ce ke renonsa a cikin gidanta. Shi wannan yana da doguwar saiwa siririya da ke nutsawa har cikin gidan garar, tsakiyar lemarsa kan yi tsini, ƙurarsa kuma tana ɗaukar launin hoda mai haske. Matsalar tana tasowa ne idan wanda ya saba da na suri a ƙauyensu, ko wanda ya taɓa ganin ana ci a wata ƙasa ta bakin teku, ya zo birni ya ga wata fara babba a cikin ciyawa ya ɗauka duk ɗaya ne. Sanin da tsofaffi suke da shi sani ne na wuri guda da iri guda, ba ya bin mutum zuwa sabon wuri.

Dabarun gwajin da ake yaɗawa babu wadda za a dogara da ita. Cewa akuya ta ci ba ta mutu ba, ko tsutsa ta huda shi, ba hujja ba ce, domin cikin dabba da na ƙwaro daban suke da na ɗan Adam. Cewa cokalin azurfa ko tafarnuwa na baƙi idan an dafa su da mai guba, wannan ma ba gaskiya ba ne. Dafuwa, suya da shanyawa ba su ba da tabbacin kashe gubar. A shekarar 2012 masu bincike a Japan sun ware wani sinadari mai guba daga jikin wannan lema, wanda ake dangantawa da ɓarnar da take yi wa hanji. Ba kowa take kamawa daidai ba. Mutane biyu kan ci daga tukunya ɗaya, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsira da ɗan tashin zuciya, kuma irin wannan ne ke sa wasu rantsuwa cewa ana ci.

Ciwon yakan fara tsakanin awa 1 zuwa 3 bayan an ci: tashin zuciya, amai mai ƙarfi, murɗawar ciki da zawo kamar ruwa, wani lokaci har da jini. Babba mai ƙoshin lafiya yakan murmure cikin kwana 1 ko 2. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki ga ƙananan yara, tsofaffi, mata masu juna biyu da yaran da dama suke fama da tamowa, kuma yaro mai rarrafe da ke kai kome baki ba sai an dafa masa ba.

Idan hakan ta faru, kada a tura wa mutum yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja, madara ko jiƙo da sunan kashe dafi, domin ba su kashe kome, kuma mai amai yana iya shaƙe su su shiga huhu. A fara ba shi ruwan SRO, wato haɗin gishiri da sukari na ƙunshi mai mayar da ruwan jiki, kaɗan-kaɗan, kurɓi bayan kurɓi, ko da yana amai. Idan babu na ƙunshi a kusa, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙananan cokula 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Sannan a tafi CSI, wato gidan likita na unguwa, mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba, musamman idan idanu sun faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, yaro ya yi laushi ko an ga jini, domin a irin wannan hali ƙarin ruwa ta jijiya ake bukata.

Abu biyu ne ma'aikatan lafiya suka fi roƙon iyaye su zo da su: ragowar abin da aka ci, da lokacin da aka ci shi. A ciro lemar da gindinta, a naɗe ta a takarda maimakon leda, ko a ɗauki hotonta ta sama da ta ƙasa da wayar salula. A faɗa wa likita gaskiya ba tare da jin kunya ba, domin a cikin marka amai da zawo na iya zama zazzaɓin cizon sauro, na iya zama kwalara, kuma wanda ba a gaya masa an ci naman kaza ba can zai fara nema. Lokacin kuwa yana da muhimmanci ƙwarai. Idan ciwon bai fara ba sai bayan awa 6 ko fiye, ana zargin wasu ire-iren da suka fi wannan muni, masu lalata hanta, waɗanda mai cinsu kan ji sauƙi na kwana guda kafin idanunsa su yi rawaya. Irin wannan majinyaci na babban asibiti ne, ko da ya ce ya warke.

Ga masu garka da masu kula da ciyawar gidaje, lemar da ake gani ƴaƴa ce kawai. Ainihin jikin abin wasu fararen zare ne da ke ƙarƙashin ƙasa suna cin ruɓaɓɓiyar ciyawa da taki, suna faɗaɗa ta kowane gefe, shi ya sa lemomin kan fito a da'ira. Ba ya cutar da shuka, kuma sayen magani a fesa asarar kuɗi ce tare da ƙara guba a inda yara ke wasa. Taɓa ta da hannu ba ya sa ciwo. Abin yi shi ne a zagaya da sassafe bayan kowane ruwan sama, a tuge duk wadda ta fito tun ba ta buɗe ba, a binne ta da zurfi ko a jefa ta a masai, a wanke hannu da sabulu, a kuma rage ban ruwa da tarin ɗanyen taki a wurin. Malaman makarantun allo da na boko su haɗa da filin wasan ɗalibai a wannan zagaye har zuwa ɗaukewar ruwa a farkon Oktoba.