Shaidar malamin aji ta horon matuƙan jirgin sama a Amurka

Shaidar malamin aji takarda ce da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, wato FAA, take bai wa mutum domin ya koyar da ɗaliban tuƙin jirgi darussan da ake yi a ƙasa: dokokin sararin sama, yanayi, karatun taswira, aikin inji da lissafin nauyin jirgi. Mai riƙe da ita ba ya da izinin koyarwa a cikin jirgi yana tafiya a sama. Ƙa'idojinta suna cikin Kashi na 61 na dokokin sufurin sama na tarayya, daga sashe na 61.211 zuwa 61.217.

Tarihi

Gwamnatin tarayyar Amurka ta fara ba matuƙa lasisi ne bayan dokar kasuwancin sama ta 1926. Kafin nan, yawanci matuƙi ne ke koya wa yaronsa komai a bakin fili, karatu da tuƙi a haɗe. Karatun aji ya samu gindin zama sosai a ƙarshen shekarun 1930, bayan dokar 1938 ta kafa hukumar kula da jiragen farar hula, aka kuma ɓullo da shirin horar da matuƙa farar hula a kwalejoji da jami'o'i, wanda majalisa ta amince da shi a 1939. A shirin, ɗalibi yakan yi awa 72 a aji, sannan awa 35 zuwa 50 a sama. Makarantar ke ɗaukar nauyin aji, wani kamfanin jirage na kusa kuma ya ɗauki nauyin tuƙi. Wannan rabon aiki ne ya sa aka buƙaci malamai masu yawa da suka san yanayi da taswira ko da ba su taɓa tuƙi ba. Kwalejin Tuskegee ta jihar Alabama, inda aka horar da baƙar fata, tana cikin makarantun da suka shiga. Zuwa 1944 shirin ya yaye matuƙa fiye da 400,000.

A wancan zamani ana tantance malami ne darasi-darasi, wani ya samu izinin yanayi, wani na inji, a ƙarƙashin Kashi na 51 na tsoffin dokoki. Akwai kuma masu koyarwa da akwatin kwaikwayon tuƙi da Edwin Link ya ƙera a 1929, wanda dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi tuƙi ta hanyar bin na'urorin jirgi a cikinsa. Bayan kafa FAA a 1958 an sake jera dokokin, wajen farkon shekarun 1960 ƙa'idojin malaman aji suka koma Kashi na 143. Can suka zauna har 1997, lokacin da aka soke kashin aka mayar da su cikin na 61 tare da na matuƙa.

Sharuɗɗan samu

Mai nema ya kai shekara 18, ya iya karatu da rubutu da magana da Turanci. Ba a neman lasisin tuƙi, ba a neman takardar likita, kuma babu jarrabawar gwaji a cikin jirgi. Jarrabawa biyu ce a kwamfuta, kowace ana cin ta da kashi 70 cikin 100. Ta farko ta dabarun koyarwa ce, mai tambayoyi 50, kan yadda mutum ke koyo, tsara darasi da auna ɗalibi. An ɗauke ta ga wanda ya riga ya zama malamin tuƙi ko na aji, da mai shaidar koyarwa daga aji bakwai zuwa sama, da malamin kwaleji ko jami'a da aka amince da ita. Ta biyu ita ce ta ilimin jirgi na matakin shaidar da ake nema.

Sakamako yana aiki na wata 24. Ana cike fom mai lamba 8710-1, yawanci ta intanet, a kai shi da sakamakon ga jami'in hukumar ko wakilin da ta ba izini. Sai a ba da takardar wucin gadi ta kwana 120 kafin katin ya iso.

Matakai

Matakai uku ne. Na farko, BGI, yana ba da damar koyar da masu neman lasisin tuƙin wasa, na nishaɗi da na ƙashin kai. Na gaba, AGI, ya haɗa har da masu neman lasisin haya da na manyan jiragen fasinja, amma ban da tuƙi ta hanyar bin na'urori. Wannan na mataki na uku ne, IGI, wanda ke koyar da yadda ake tafiya cikin gajimare ko hazo ba tare da ganin ƙasa ba. Tunda AGI ya ƙunshi duk abin da BGI ke yi, masu nema da yawa ba sa tsayawa a matakin farko.

Amfani

Malamin aji yana sa hannu a littafin ɗalibi cewa ya yi karatun, yana kuma ba shi izinin zama jarrabawar kwamfuta. Shaidar ba ta da ranar ƙarewa. Sai dai ba a aiki da ita sai in cikin wata 12 da suka wuce mutum ya koyar, ko ya kammala kwas ɗin sabunta ilimi na malaman tuƙi, ko wani malami mai izini ya gwada shi ya sa masa hannu.

Da yawa daga masu karɓarta malaman tuƙi ne da ma. Jarrabawar AGI ta yi kama ƙwarai da ta malamin tuƙi, don haka sukan rubuta su kusa da juna. Akwai kuma wani dalili: lambar Gold Seal da FAA ke bai wa malamin tuƙi, wanda aƙalla kashi 80 cikin 100 na ɗalibansa goma ko fiye suka ci jarrabawar gwaji a cikin jirgi a karon farko cikin wata 24, ba ta samuwa sai da AGI ko IGI.

Wasu matuƙa suna sukar barin wanda bai taɓa tuƙi ba ya koyar. Wasu suna ganin darasi irin na yanayi bai buƙatar hakan. Dokar ba ta sauya ba a kan wannan.

Wajen Amurka

Shaidar tana aiki ne a tsarin FAA kawai. A ƙasashen Tarayyar Turai babu lasisi na daban irin wannan, makarantar da aka amince da ita ce ke tantance malaman darussan aji.