Shuka gajeren lemo a tukunya a Legas: tambayoyi da amsoshi

Mai zaman haya a Agege ko Idi-Araba, wanda ba shi da ko taku ɗaya na fili, zai iya samun lemo daga tukunya?

Zai iya, muddin yana da inda hasken rana yake sauka. A Turai da Amurka sanyi ne ke sa mutane shigar da lemo ɗaki. Mu a Legas ba mu da wannan matsala. Abin da ke kashe mana shi biyu ne, ƙarancin haske da yawan ruwa. Lemo yana son rana ta doke shi awa 6 zuwa 8 a yini. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, rana kan bi ta saman kai, don haka tagar gabas ko ta yamma ce ke samun hasken kirki. Idan benen maƙwabci ya tare tagar, gara a kai shi baranda ko bakin ƙofa. Kada a ajiye shi inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, ko kusa da hayaƙin janareta, ganye zai zube.

Wane iri ya fi dacewa?

Lemun tsami ya fi komai sauƙi a nan, yana son zafi, kuma 'ya'yansa ƙanana ne, ba sa gajiyar da ƙaramar bishiya. Kalamondin da lemun Meyer, wasu nau'o'in lemo masu tsami, su ma suna yi sosai idan an samu. Lemun zaƙi yana buƙatar babbar tukunya da haƙuri.

A sayi dashen aure, wato wanda aka haɗa tohon lemon da ake so a kan gindin wani lemo, kada a shuka ƙwallo. Na ƙwallo kan ɗauki shekara 5 ko fiye kafin ya yi fure, ga ƙaya ga tsawo. Na aure yakan fara a shekara ta 2 ko ta 3. A ƙasashen waje ana aura shi a kan gindin da ake kira Flying Dragon, shi ke hana shi girma. A nan an fi samun wanda aka aura kan gindin Cleopatra ko lemo mai kaushin ɓawo, irin wanda cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan take aiki da shi. Waɗannan ba gajeru ba ne a halittarsu, tukunya da aski ne za su tsayar da su a mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Lokacin saye a duba kara, ɗan sama da ƙasa, za a ga tabo mai ɗan lanƙwasa inda aka haɗa auren. In babu, a bar shi.

Tukunya da ƙasa fa?

A fara da mai faɗin santimita 30, bayan shekara 2 a koma ta 40 zuwa 45. Bokitin fenti na lita 20 yana yi idan an wanke shi tas, aka huda masa rami 6 zuwa 8 a gindi. A ɗora shi kan bulo biyu don ruwa ya samu hanyar fita.

Ƙasar bakin kwata ko jar laka ba ta yi, tana daskarewa ta shaƙe saiwa. A haɗa kashi 2 na ƙasa mai kyau, kashi 1 na yashi mai tsakuwa, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, da kashi 1 na ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa, a dunƙula a hannu, a taɓa da yatsa. Idan ta wargaje ta yi; idan ta tsaya kamar tuwo, a ƙara yashi. Wurin auren ya kasance aƙalla santimita 10 sama da ƙasa. Binne shi ne ke jawo cutar da ke sa kara ya riƙa zubar da ƙaro har ɓawo ya ruɓe.

Sau nawa ake ban ruwa?

Babu ƙayyadaddun kwanaki. A tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5. In ta bushe, a zuba har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti. A watan Yuni da Yuli, da ruwan Legas ke kwana yana zuba, a ja tukunya ƙarƙashin rumfa. A Janairu da Fabrairu kuwa tana iya neman ruwa duk bayan kwana biyu. Masu zama wajen Lekki da Ajah su ɗanɗana ruwan rijiyarsu: lemo ba ya jure gishiri, bakin ganye ke ƙonewa. A tara na sama a yi amfani da shi.

Ganye ya koma rawaya, me ya faru?

A dubi wane ganye ne. Idan tsofaffin ne suka koɗe gaba ɗaya, yunwa ce: a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 20-10-10 a gefen tukunya, nesa da kara, sau ɗaya a wata, a bi da ruwa. Idan sabbin ganye ne suka yi fari jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe ne bai isa ba, kuma galibi ƙasar ce ta jiƙe da yawa. Idan ganye ya yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take tana wari, saiwa ce ta ruɓe. Taki ba zai gyara wannan ba. A ciro bishiyar, a yanke baƙaƙen saiwoyi, a sake sabuwar ƙasa.

Ƙwari fa?

Tururuwa na hawa da sauka, ganye yana danƙo, ya yi baƙi kamar kunkunniya? A juya bayan ganyen, za a ga fararen ƙwari kamar auduga ko masu kama da ɓawo manne a jiki. A haɗa mililita 5 na man darbejiya da ɗigon sabulun ruwa a lita 1, a fesa da yamma, duk mako har sau 3. Tsutsar malam-buɗe-littafi mai kama da kashin tsuntsu kuwa da hannu ake cire ta.

Yana fure amma ba ya 'ya'ya, ko kuma 'ya'yan sun ƙi yin ja.

Zubar da yawancin fure ɗabi'ar lemo ce. A cikin ɗaki babu ƙudan zuma, sai a ɗauki auduga a tsinke a shafa furanni ɗaya bayan ɗaya da safe. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi, na gindi ne, yana cinye abincin. Launi kuwa sanyin dare ne ke kawo shi, Legas ba ta da shi, don haka lemun zaƙi zai nuna yana kore. A tsinki ɗaya a ɗanɗana kafin a girbe sauran.