Aiki ya koma waya a Saudiyya: me ake so ma'aikacin gwamnati ya iya?

Me ya sauya ne a ofisoshin?

Duk wanda ya daɗe a Jidda ko Makka ya san zamanin da ake sammakon zuwa jawazat, wato ofishin fasfo da shige da fice, fayil a hammata, ko a biya wani ya bi maka layi. Tun da aka buɗe Absher, shafin intanet na ma'aikatar harkokin cikin gida, a 2010 abin ya fara komawa waya. Yau kowane aiki da manhajarsa: sha'anin kotu yana Najiz, kwantiragin aiki yana Qiwa, neman ganin likita yana Sehhaty. A 2021 kuma aka kafa hukuma sukutum don kula da ayyukan gwamnati na intanet.

To iya kwamfuta bai wadatar ba?

Ina! Danna maɓalli kowa na koya a mako guda. Abin da ya fi wuya shi ne lura. Sunayenmu na Hausa ba sa zama daidai a rubutun Larabci: fasfo ya ce Danladi, igama, wato katin izinin zama, ta raba sunan gida biyu, ga ranar haihuwa ɗaya ta Hijira, ɗaya ta Miladiyya. Da can ma'aikaci zai dubi fuskarka ya gane kai ne. Na'ura ba ta da wannan hankalin, harafi ɗaya ya saɓa sai ta rufe ƙofa. Dole ma'aikaci ya san inda bayanin ya fito, wace ma'aikata ce ke da ikon gyara shi, don kada ya sallami bawan Allah da "sistam ne ya ƙi".

Maganar sirrin mutane fa?

Amana ce, kuma doka ce: dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023. Bai halatta ma'aikaci ya leƙa fayil ɗin maƙwabcinsa don son jin gulma ba. Ya kuma riƙa jan kunnen jama'a kada su amince da buƙatar Nafath, manhajar tantance mutum kafin shiga shafukan gwamnati, da ba su suka nema ba, ko su karanta wa mai kira lambar sirrin da ta shigo wayarsu.

A ina ake koyo?

Cibiyar horar da ma'aikatan gwamnati da ke Riyad tana aikin horarwa tun 1961.

Tsofaffin da ba su iya waya ba fa?

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Hajiya ta zo da wayar jikanta, lambar sirri kuma tana zuwa layin da ya mutu tuni. Ma'aikacin kirki zai ce, "Zauna Hajiya, mu fara gyara lambar wayar," ya bi da ita daki-daki har saƙon ya shigo.